Giwar Takarda: Yadda Masu Wasan Sakas Suka Yi Talla a Ƙauyukan Amurka



Ranar da Sakataren ƙungiya ya bugo mini waya ya ce an ɗora mini nauyin yin jawabi a taron bana, na tambaye shi a kan me zan yi magana. Ya ce a kan duk abin da na ga dama, in dai ba siyasa ba ce, ba kuma batun kuɗin ƙungiya ba. Da na gaya masa abin da na zaɓa sai ya yi shiru, har na zaci layin ne ya yanke. To, ina roƙonku ku yi mini irin haƙurin da ya yi mini. Da yawanku kun san cewa tun da na gama jami'a nake aiki a sashen wayar da kan jama'a, kuma rabin aikinmu bai wuce fasta ba: mu tsara, mu kai maɗaba'a, mu bi ƙauyuka muna liƙawa. Shekara uku da suka wuce wani abu ya same ni a bakin wannan aiki, wanda zan ba ku labarinsa kafin in zauna. Shi ne ya sa na shiga karance-karance a kan mutanen da suka fara mayar da liƙa fasta babbar sana'a, sai na tarar ba gwamnati ba ce, ba 'yan siyasa ba ne, masu wasan sakas ne na ƙasar Amurka.

Sai in fara da bayyana mene ne sakas. 'Yan ajinmu za su tuna ranar da masu wasa da kura suka sauka a kasuwar garin nan, muna aji uku, muka tsallake katanga mu bakwai muka je kallo, abin da ya biyo baya kuwa Malam mai kula da ɗa'a, ga shi can zaune, ya fi ni sani. To, ku ɗauki masu kura da masu maciji da masu biri, ku ƙara da 'yan hoto da 'yan tauri da 'yan kama, ku haɗa da mahayan dawakai masu alkafura a kan sirdi da masu tafiya a kan igiya, ku zuba su duka a ƙarƙashin ƙaton tanti guda, ku sa mai karɓar kuɗi a ƙofa. Wannan shi ne sakas. Wani tsohon sojan doki na Ingila mai suna Philip Astley ne ya fara shi a birnin Landan a 1768. A 1793 John Bill Ricketts ya kai shi Amurka, ya yi wasa a Filadalfiya, har shugaban ƙasarsu na farko, George Washington, ya je kallo.

A farko wasan na birni ne, don sai an gina masa ɗaki na katako. A 1825 ne wani mai wasa, Joshuah Purdy Brown, ya fara amfani da tanti, wanda za a kafa da safe a naɗe da dare. Daga nan sakas ya zama matafiyi, ya shiga karkara a kan keken doki. A 1872 kuma P. T. Barnum da abokan hulɗarsa suka ɗora nasu kacokan a kan jirgin ƙasa.

A nan ne matsalar talla ta taso. A 1870 kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen Amurka a karkara suke zaune, yawancinsu manoma ne, kuma ba irin zamanmu na gida jikin gida suke yi ba, kowa yana can tsakiyar gonarsa, tsakaninsa da maƙwabcinsa tafiya ce. Babu rediyo, babu majigi, ba su da sankira da zai zaga unguwa da shela. Shi kuwa mai sakas yini ɗaya tak zai yi a gari, ya yi wasa biyu, na rana da na dare, kafin gari ya waye yana wani garin. Yana da ɗaruruwan ma'aikata da dawakai da giwaye da za su ci abinci ko an shiga kallo ko ba a shiga ba. In manomi ya ji labari ranar Laraba alhali an yi wasa ranar Talata, an yi asara ke nan da ba ta da magani. Saboda haka dole labari ya riga tanti isa, kuma dole ya isa da ƙarfin da zai sa mutum ya ajiye aikin gona, ya ɗaura wa doki keke, ya kwashi iyali, ya yi tafiyar mil goma ko ashirin, ya biya santi 50 kowane babba, santi 25 kowane yaro. A wancan zamani wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga manomi.

Fastocin farko ba su da wani kyau na a zo a gani. A katako ake sassaƙa hoton, a shafa masa tawada, a danna a kan takarda, yawanci baƙi da fari, wani lokaci da launi ɗaya ko biyu. Da yake sassaƙar tana da tsada, maɗaba'a kan ajiye hoton zaki ɗaya ko na mahayin doki ɗaya ta riƙa sayar wa kowa, sai dai a canza sunan mai wasa a sama. Abin ya canza ne da zuwan bugun dutse, fasahar da wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano a 1796. Hikimarta ita ce abin da kowace uwa ta sani a madafa, watau mai da ruwa ba sa haɗuwa. Mai zane zai yi zanensa da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, sa'an nan a bi shi da tawada. Tawadar sai ta kama inda maiƙo yake, ta ƙi inda ruwa yake. Kowane launi da dutsensa, takarda ɗaya sai ta bi ta kan duwatsu huɗu ko fiye kafin hoto ya cika. Daga wajen 1880 wannan bugu ya mamaye sana'ar, kuma maɗaba'ar da ta fi suna a kai ita ce Strobridge ta birnin Cincinnati a jihar Ohio.

Ma'auninsu shi ne falle, inci 28 a inci 42. Falle ɗaya na tagar kanti ne. Na bango kuwa haɗawa ake yi, falle 3, falle 8, falle 16, falle 24, kowane falle ɗauke da yankinsa na hoton, sai an jera su daidai kan giwa ya haɗu da wuyanta. Akwai kuma wata 'yar siririyar takarda da ake bugawa daban, ba hoto a kanta, sai sunan gari da ranar wasa da manyan baƙaƙe, a liƙa ta a ƙasan hoton. Ku riƙe mini wannan 'yar takarda a zuciya, zan dawo kanta.

Yadda ake liƙawar shi ya fi burge ni, wataƙila don na san wahalarsa. Manyan kamfanoni suna da taragu na musamman da ake maƙala wa jirgin fasinja, su riga 'yan wasa isa gari da mako biyu ko uku, wasu ma sukan turo tarago biyu ko uku a jere, tsakaninsu mako guda. A cikin taragon akwai gadajen ma'aikata, akwai akwatunan fasta da aka ware gari-gari, akwai kuma tukunyar tururi da ake dama kunun fulawa, wanda shi ne gam ɗinsu. Tun da asuba za a raba mutane. Wasu su shiga gari su bi kantuna suna roƙon taga. Wasu su yi hayar keken doki, su ɗauki ganga cike da kunu da tsani da buroshi mai dogon hannu, su bi hanyoyin karkara har magariba.

Abin da suke nema a karkara shi ne bangon rumbu. Rumbun manomin Amurka ba irin namu na laka ba ne, ƙaton ɗaki ne na katako wanda sau da yawa ya fi gidan kwanansa girma, a ciki yake ajiye ciyawa da hatsi da shanu da dawakai, bangonsa kuma shafal, ana hango shi daga nesa. Sai mai liƙi ya yi sallama, ya ce a ba shi aron bango, ladan kuwa tikitin shiga kallo kyauta. A rubuta takardar yarjejeniya, a shafe bango da hotuna. Har ila yau ba a nan abin ya tsaya ba, domin akwai wani ma'aikaci da zai biyo baya yana dubawa. In ya tarar mai kanti ya cire fasta daga taga, ko manomi ya bari wani kamfani ya liƙa nasa a kai, sai a soke tikitin. Malamai, ku gafarce ni, da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai a ofis, don mu in mun liƙa mun juya baya, shi ke nan, rahoto kawai ya rage.

Ku kwatanta yaron da aka haifa a irin wannan wuri. Gidansu hotunan da ke ciki ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, yawancinsu baƙi da fari. Ya kwanta bangon rumbunsu fari fat ko ja, ya dawo daga kiwo washegari ya tarar da zaki ya buɗe baki ya fi shi tsawo, ga dorina, ga raƙumin dawa, ga mace tana shawagi a sama ba fiffike. Ba ya bukatar ya iya karatu. Mako biyu cur zai yi yana wucewa ta gaban wannan bango safe da yamma, shi ne zai hana ubansa sakat. Masu sakas sun san da haka sarai.

To amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Abin da ke bango da abin da ke cikin tanti ba kullum suke daidai ba, kuma babu misalin da ya kai na Jumbo. Jumbo toron giwa ne da mafarauta suka kama yana ɗan ƙarami a gabashin Sudan, bayan sun kashe uwarsa. Aka kai shi gidan namun daji na Faris, daga can aka mayar da shi na Landan a 1865, inda ya yi shekara 17 yara suna hawansa. A 1882 Barnum ya saye shi dala 10,000, Turawan Ingila suka yi ta kururuwa a jaridu, shi kuwa Barnum wannan kururuwa talla ce ta kyauta. Tsawon Jumbo a kafaɗa bai kai ƙafa 11 ba, wanda ko hakan ma ƙato ne. Amma a fasta sai aka mayar da shi dutse, mutanen da ke tsaye kusa da shi kamar 'yan tsana. Ranar 15 ga Satumba, 1885, jirgin kaya ya buge shi ya mutu a garin St. Thomas na Kanada. Barnum ya baza labari wai ya mutu ne garin ceton wata 'yar giwa, sa'an nan ya sa aka cusa fatar daban, aka haɗa ƙasusuwan daban, ya ci gaba da yawo da su ana biya ana kallo. Alhazanmu da suka je Makka a jirgin da ake kira jambo, to sunan wannan giwa ta Sudan ce suka hau, domin daga kanta ne kalmar ta zama sunan duk wani abu ƙato a Turanci.

Gasa tsakanin kamfanoni kuwa ba a magana. In biyu suka nufi yanki ɗaya, na baya zai turo mutanensa su liƙa takarda mai cewa a jira, babban wasa yana tafe, kada a ɓata kuɗi a kan ƙarami. Cikin dare wannan ya rufe fastar wancan, da safe wancan ya rama, wani lokaci har a kai ga doke-doke da sandar buroshi. Wanda ya ga bangon garuruwanmu a lokacin zaɓe ba ya bukatar dogon bayani, amma na yi alkawari ba zan shiga siyasa ba. A 1884 Barnum ya kawo wata giwa daga Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar, ya yi ta shelar cewa farar giwa ce mai tsarki. Da ta iso sai aka ga toka-toka ce mai dabbare-dabbare. Abokin hamayyarsa Adam Forepaugh bai yi wata-wata ba, ya samo giwa ya sa aka shafe ta da farin fenti, ya buga fasta cewa tasa ce ta gaskiya, har sai da wani ɗan jarida ya goga mata jiƙaƙƙen soso asiri ya tonu.

Tambayar da na daɗe ina yi wa kaina ita ce, me ya sa mutanen karkara ba su yi fushi sun daina zuwa ba? Amsar da na samu tana cikin 'yar siririyar takardar nan da na ce ku riƙe. In ta ce ranar kaza, to ranar kaza ne, ko ana ruwa ko ana rana. Sai dai in jirgi ya yi hatsari ko taɓo ya riƙe kekuna, amma ba don wani ya manta ba. Da asuba jirgi zai tsaya, mutanen gari su fito su ga giwaye suna saukowa, kafin azahar an kafa tanti, an yi jerin gwano a babban titi kyauta ga kowa. Manomi zai dubi giwar, ya ga ba ta kai ta bangonsa ba, ya yi murmushi, don ya san halin mai talla, kamar yadda muka san mai maganin gargajiya a kasuwa in ya ce maganinsa yana warkar da cuta 99. Giwa dai ta zo, kuma ta zo ranar da aka ce.

Akwai wata ƙarya kuma da manomin ba shi da hanyar gane ta, ita ce ta fi ci mini rai, kuma ina ganin Malaminmu na Tarihi zai so in faɗe ta. Girman giwa ana iya auna shi da ido ranar wasa. Abin da fasta ta faɗa game da mutane kuwa babu mai aunawa. Barnum ya fara sana'arsa ne a 1835 da wata tsohuwa baƙar fata, baiwa, makauniya, mai suna Joice Heth. Ya buga takardu wai shekararta 161, wai ita ta yi renon George Washington. Da ta rasu a 1836 ya sa likita ya feɗe gawarta a gaban 'yan kallo da suka biya kuɗi, likitan ya ce ba ta wuce 80 ba. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1930, kamfanin Ringling ya nuna wasu mata 'yan ƙabilar Sara daga kudancin Chadi, masu al'adar sa faifai a leɓe. Mai yi wa kamfanin talla ya duba taswira ya tsinko sunan kogin Ubangi don ya ji yana da daɗin faɗa, alhali ba daga can suke ba. Fasta ta kira su mutanen daji, ta kwatanta bakinsu da na kada. Yaron nan da ya tsaya a gaban rumbu bai taɓa ganin Afirka ba, ba zai kuma taɓa zuwa ba, darasinsa na farko a kanmu ke nan, an ba shi da launi mai kyau, kusa da hoton dorina. Tanti ya yi yini ɗaya ya tashi, hoton kuwa ya zauna a bango har ruwa ya wanke shi, ya zauna a kan yaron har ya tsufa.

Sana'ar ta yi zamaninta ta ja baya. 'Yan'uwan nan na gidan Ringling sun sayi kamfanin Barnum da Bailey a 1907, suka haɗe shi da nasu a 1919. Silima da rediyo da talabijin suka zo suka raba hankalin jama'a. A 1956 kamfanin ya yi wasansa na ƙarshe a cikin tanti, a 2017 ya rufe, da ya dawo a 2023 kuma babu dabba ko ɗaya. Su fastocin an yi su ne don su yi mako biyu, a kan takarda mai arha, shi ya sa manyan na bango kaɗan ne suka tsira, kuma yawanci bisa tsautsayi. A 1991 wasu masu gyaran gida a garin Colchester na jihar Vermont suka ɓamɓare katakon bango suka tarar da fastocin 1883 a ƙarƙashi, yanzu suna gidan tarihi na Shelburne. A 2015 kuma a wani ɗan gari mai suna Durand a jihar Wisconsin aka fasa bango don faɗaɗa wani gidan abinci, sai ga fasta mai tsawon ƙafa 55, tsayinta ƙafa 9, tana shelar wasan da za a yi ranar 17 ga Agusta, 1885. An gina wani ɗaki a jikinta jim kaɗan bayan wasan, shi ya kare ta daga ruwa da rana shekara 130.

Yanzu ga labarin da na yi muku alkawari. An ba mu aikin sanar da mutanen wasu ƙauyuka cewa ayarin likitoci zai zo ya duba masu ciwon ido kyauta. Ni na tsara fastar da hannuna, kuma ina alfahari da ita. Ban ƙara gishiri ko kaɗan ba: hoton dattijo ana duba masa ido, rubutu da boko da ajami, ga wuri, ga rana. Muka yi kwana huɗu muna liƙawa a bangon makarantu da rumfunan kasuwa da tashoshin mota. Ana jibi ranar sai aka ɗage zuwan, saboda dalilin da ba sai na faɗa a nan ba. Takardar ɗagewar ta zo teburina, na sa hannu na tura gaba, na tafi gida na yi barcina. Ban tuna cewa fastar tana can a bango tana ci gaba da magana ba.

Bayan wata biyu wani aiki ya sake kai ni ɗaya daga cikin ƙauyukan. Na tsaya shan shayi a bakin tasha, sai ga fastata a jikin rumfar mai shayin, rana ta fara cinye launinta amma ranar tana nan raɗau. Mai shayin bai gane ni ba. Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce ai ranar nan tun da hantsi gindin bishiyar makaranta ya cika. Akwai wanda jikansa ya jawo shi da sanda daga wani ƙauye mai nisa, akwai wata tsohuwa da aka sayar da akuyarta aka yi mata kuɗin mota ita da mai rakiya. Suka zauna har la'asar, shi ya ba wasunsu ruwa. Na ce to me ya sa bai cire takardar ba? Ya ce tana tare masa iska ta wajen da zana ta huje.

Na biya kuɗin shayina ban ce ni ne ba, kuma har yau wannan shirun yana damuna fiye da sa hannun. Ayarin ya zo daga baya, muka sake buga sabuwar fasta da sabuwar rana, mutanen da suka fito a wannan ƙauye ba su kai rabin na farko ba. Tun daga lokacin na roƙi mai gidana a wurin aiki, ya kuma amince, cewa ranar taro a 'yar takarda daban za mu riƙa buga ta, ba za a liƙa ta ba sai an tabbatar da mota da mai da mutanen da za su zo, kuma duk wanda ya liƙa shi zai koma ya duba. Abokan aikina sun ɗauka wata sabuwar dabara ce na koyo a wajen kwas. Ban gaya musu daga wajen masu giwa na aro ta ba.

Mai girma Shugaba, na ga Sakatare yana duba agogo, kuma ƙanshin abinci ya fara shigowa ta taga. Malamaina, in na yi kuskure a wata shekara ko wani suna, jan biro yana hannunku kamar da.